Wasan Inuwa na Tamilawa: Fata Tana Nan, Ina Masu Muryar?

A wannan mako za mu leƙa kudancin ƙasar Indiya, watau Jihar Tamil Nadu, inda ake yin wani tsohon wasa mai suna Tol Pabai Kutu, ma'ana wasan 'yan tsana na fata.

Ga yadda abin yake. Akan jeme fatar akuya, a yi ta kankara har sai haske yana ratsa ta, sa'an nan a yanka ta siffar sarki ko biri ko dodo, a shafa mata launi. Da dare sai a ɗaura farin ƙyalle, a kunna fitila a bayansa. Mai wasa na zaune a ɓoye yana manna 'yan tsanan a jikin ƙyallen, 'yan kallo kuwa inuwa mai launi kaɗai suke gani. Abin mamaki, galibi mutum guda ne ke motsa su duka, shi ne kuma ke yin muryar kowa, daga sarki har wawan da ke ba yara dariya, yana buga katako da ƙafa in yaƙi ya yi zafi. Labarin Ramayana ake bayarwa, wanda mawaƙi Kamban ya tsara da harshen Tamil wajen ƙarni na 12. A da, sai an yi dare goma kafin a kai ƙarshensa.

Sana'ar ta gado ce. Da yawa daga masu ita har yau harshen Marati suke yi a gida, domin kakanninsu sun gangaro ne zamanin da sarakunan Marata ke mulkin birnin Tanjabur, mulkin da ya ƙare a 1855.

To, sai silima ta zo. Ita ɗin nan da ta sa mu cika gidajen kallo a Kano da Jos don finafinan Indiya, ita ce ta fara kwashe musu 'yan kallo, talabijin kuma ya ƙarasa. Yanzu gidaje ƙalilan suka rage a gundumomi irin su Kanyakumari da Madurai, wasan dare goma ya koma ɗan taƙaitacce a makarantu da bukukuwan gwamnati.

Gidajen tarihi suna adana fatun, madalla. Amma a ganina wannan rabin aiki ne. Waƙoƙin da muryoyin a kan dattawa suke, ba a jikin fata ba, 'ya'yansu kuwa da dama sun tafi birni neman aikin da zai ciyar da su.