Baƙin Ƙauyen Saboka

Yara, a tsibirin Sisil na ƙasar Italiya akwai wani ƙauye bisa tudu, sunansa Saboka. A 1971 aka ɗauki wani sashe na silimar "The Godfather" a can. Yau, in jiragen ruwan ƴan yawon buɗe ido sun tsaya a Mesina, sai motoci su hau da baƙi ƙauyen. Su ɗauki hoto, su koma jirgi da gaggawa.

A ganina, wannan ba ziyara ba ce. Cikin silimar ma, Korleyone ake nufi, ba Saboka ba. Kuɗin baƙi na da amfani. Amma baƙon kirki yakan gaida masu gari, ya tambayi tarihinsu. In kun je garin wasu, ku yi haka.