Daga Filafili Zuwa Batir

Waɗanda muka yi wayo a bakin Kwara kafin 1968 mun san lokacin da jirgi ba ya sallama sai ya daki gaɓa. Ba ƙara, ba hayaƙi. Mai fito na tsaye a baya da gorarsa, yaransa na gaba da filafili, buhunan albasar Gungawa jibge a tsakiya, mata na zaune a kansu da ƙwaryar fura. Daga gungu zuwa kasuwar Yalwa mutum kan yi hira ya ƙoshi, ya yi gyangyaɗi, ya farka ba a iso ba. Man jirgin nan tuwon da matuƙa suka ci da asuba ne, shi ya sa ba wanda ya taɓa jin an ce kuɗin fito ya tashi saboda wani abu ya faru a Legas.

Sai aka zo da maganar dam. An fara aikin Kainji a 1964, aka datse ruwa a 1968, ya taso a hankali ya shanye gonaki da tsibirai da tsohuwar Busa. Mutum fiye da 40,000 aka tasa, da yawansu daga ƙasar Yawuri, aka zuba su a gidajen siminti da ba su yi kama da ɗakunan iyayensu ba. Ina tuna wata tsohuwa a dangin mahaifiyata da ta ƙi shiga jirgin ƙaura sai da aka ciro mata dutsen niƙanta. Abin da aka riƙa faɗa wa dattawa shi ne su yi haƙuri, ruwan nan zai zama wuta, ƙasa duka za ta haskaka. Kuma ya zama ɗin: injina takwas aka kafa, masu ƙarfin megawat 760.

Yaran yanzu suna ganin tafkin kamar da shi aka halicci duniya. Ba laifinsu ba ne, mu ne muka daina ba su labari.

Da kogi ya zama tafki, gora ta daina taɓa ƙasa, filafili kuma ya gaza da faɗin ruwa da iskar da ke tayar da igiya. Nan injin bayan jirgi ya shigo. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa muka karɓe shi hannu bibbiyu, mu da ake cewa ba ma son sabon abu. Gudu yana ciki, amma ba shi ne kan gaba ba. Injin nan ana saɓa shi a kafaɗa a kai gida. Mansa ana sayensa a jarka, ko a kwalba wajen 'yan bumburutu. Idan ya ƙi tashi, yaron da ya yi shekara biyu a gaban bakanike zai kwance fulogi ya goge, ya hura kafireta, a ci gaba da tafiya. Abin da talaka zai iya buɗe cikinsa ya gani, shi yake zama nasa.

Abin da ya tono mini duk wannan jikana ne, mai karatun injiniya a Birnin Kebbi. Ya zo hutu muna zaune a ƙofar gida nan Birnin Yawuri, ana kukan kuɗin mota tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sai ya ce, "Baba, ai duniya ta bar maganar fetur. Gardamar da ake yi yanzu, motocin haya da jiragen fito da batir za su yi tafiya ko da iskar haidurojin." Na ce masa ya yi mini dalla-dalla, tunda wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, amma ba lallai ya riga ka zuwa makaranta ba.

Ga yadda na fahimta. Dukansu biyu motar lantarki ce, inda ake ajiye wutar ne ya bambanta. Batir duk mun san shi, babban yayan na wayar hannu ne: a zuba masa wuta, ya riƙe, ya mayar. Ita kuwa haidurojin iska ce da ake iya cirowa daga ruwa idan aka ratsa shi da lantarki, a matse ta cikin tukwane masu kauri, a ɗora a mota, sannan wata na'ura ta sake mayar da ita lantarki, abin da ke fita ta salansa tururin ruwa kawai. Da na ji an ce ruwa, har raina ya yi fari, mu da muke da shi har ya kore mu daga gidajenmu. Amma kilo ɗaya na iskar nan, ban da ruwa kamar lita 9, yana cin wuta wajen yunit 50. Kuma kowane juyi da nasa ladan. In ka ba batir mudu goma na gero, zai dawo maka da kusan takwas. In ka ba haidurojin, da ƙyar ka ga uku. Wace uwargida ce za ta koma wajen mai niƙan da ke yi mata haka?

Ban ce haidurojin ba ta da rana ba. Ana cika tukunyarta cikin mintoci, ba ta da nauyin batir, kuma tana kai mota nesa. Direban da zai tashi daga Yalwa da kaya zuwa Sakkwato ko Kwantagora zai so wannan. Batir kuma ba ya son zafi irin namu na bazara, ga shi da nauyi, nauyi kuwa a jirgin katako ba abin wasa ba ne. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa kasuwar Wara maƙare da mutane ya nutse. Allah Ya ji ƙansu.

Sai dai gani ya kori ji. Birnin Montpellier na Faransa ya yi niyyar sayen bas 51 masu haidurojin, a farkon 2022 ya fasa da ya lissafa cewa kuɗin tafiyar da su zai ninka na masu batir sau shida. Shenzhen ta ƙasar Sin ta mayar da bas ɗinta fiye da 16,000 masu batir tun ƙarshen 2017. Dakar ta Senegal ta bi sahu a 2024. Ko nan gida, a Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna da cire injin ƙananan bas yana sa musu batir da faifan sola. Wanda ya fi zama mini a rai kuwa na jihar Kerala ne a Indiya, wani jirgin fito mai suna Aditya da ya fara aiki a 2017. Rufinsa duka faifan sola ne, yana ɗaukar mutum 75, yana kaiwa da komowa tsakanin gaɓa biyu. Fiton tafkinmu ma ai haka yake: tafiya ce gajera, a sauke, a jira a cika. Lokacin jiran nan shi ne lokacin caji.

Ni dai a nawa ganin, don Yawuri da Ngaski da Shanga, batir ne. Sola ta riga ta shiga ƙauyukanmu, kowace kasuwa da mai cajin waya, akwai samarin da ke kwance batir su haɗa. Iskar da sai an gina mata masana'anta, a kawo ta a tanka daga wata uwa duniya, ta mayar da mu inda fetur ya ajiye mu, muna jiran mota daga kudu.

Akwai kuma abin da jikan nawa bai kawo ba, ni na tuna masa. Wutar da za a yi cajin nan da ita, mun riga mun biya kuɗinta da gonakin kakanninsa. Manyan wayoyi na ɗauke da ita daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, har ta tsallaka Yamai, mu kuwa sai mu kwana a duhu muna fifita da mafici. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Duk wanda zai kawo mana bas ko jirgi mai batir, ya fara da kafa wurin caji a tashar Yalwa da bakin ruwan Wara wanda ba ya ɗaukewa.

Washegari na ja yaron muka je bakin ruwa wajen wani abokina da ya tsufa a fito. Ya saurari bayanin duka yana ɗinkin koma, bai ɗago ba. Da aka gama sai ya ce, "Ɗana, mai shirun nan na ji daɗinsa, ko ba komai kifi zai huta. Amma in ya tsaya mini a tsakiyar ruwa da mutum hamsin, magariba ta yi, me zan kwance?" Yaron ya yi jim, ya ce zai tambayo malaminsu. Tsohon ya ce to, kafin nan dai shi ba zai fitar da filafili daga cikin jirginsa ba.