Kafin ka ci bashin sayen gimbal, fara leƙa shagon mai kayan famfo

Makonni kaɗan da suka wuce, ɗan 'yar'uwata da ke zaune a Rigasa ya same ni da wata buƙata. Yaron yana ɗaukar bidiyon walima da saukar karatu da wayarsa, wani lokaci kuma yana yi wa masu shaguna ɗan tallan da suke ɗorawa a TikTok da WhatsApp. Ya ce, "Kawu, rance nake so ka ba ni in sayi gimbal. Aikin da na yi ranar Asabar, mai shi ya ce in ya kalla jiri yake ɗibarsa." Na karɓi wayar na duba. Mai aikin bai yi ƙarya ba, hoton tsalle yake kamar an ɗauke shi a bayan Keke Napep a kan hanyar da damina ta cinye. Duk da haka ban ba shi rancen ba. Cewa na yi ya biyo ni shagon mai sayar da kayan famfo.

Ga wanda bai san shi ba, gimbal mariƙin waya ne mai ƙananan injuna uku da batir, da zarar hannunka ya karkata sai injunan su mayar da wayar daidai. Na'ura ce mai kyau, ba na musun haka. Tun da kamfanin DJI ya fito da Osmo Mobile a 2016 take ta yaɗuwa, har yanzu ta kai matasa da yawa suna ganin wanda bai riƙe ta ba bai fara sana'ar ba. A nan nake da ja. A ganina, matashin da ke fara ɗaukar bidiyo da waya, wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, bai kamata gimbal ya zama abin farko da zai zuba kuɗinsa a kai ba, balle ya ci bashi dominsa. Ya fara haɗa mariƙi da hannunsa.

Me ke sa bidiyon waya rawa? Yawancinmu kyamarar muke ɗora wa laifi, mu ce ai ƙaramar waya ce. Ainihin matsalar rashin nauyi ce. Wayar da ke hannunka nauyinta bai wuce giram 200 da 'yan kai ba, ga shi da yatsu kake riƙe ta, ka kuma miƙar da hannu nesa da jiki. Abu marar nauyi kuwa komai ƙanƙantar motsi juya shi yake, har numfashinka da taka ƙafarka. Kuma ba hawa da saukar wayar ne ya fi ɓata hoto ba, juyawarta ce: ta ɗan duƙa, ta ɗan ɗaga, ta karkata gefe. Juyawar da a hannunka ba za ka ma ji ta ba, a kan allo sai ta zama girgizar ƙasa, musamman idan ka zuƙo abin da ke nesa.

Maganin wannan muna ganinsa a unguwa. Ka lura da ɗan garuwa mai sanda a kafaɗa: yana sauri, jikinsa na motsi, amma garewanin da ke rataye ƙasa ba sa bin kowane motsin nasa, saboda nauyinsu da kuma yadda suke lilo a ƙarƙashin inda aka rataye su. Ko ka ɗauki doguwar gora ka riƙe ta a tsakiya, ka gwada juya ta da sauri, za ka ji tana yi maka gardama. Nauyin da aka nisanta da wurin riƙo yana ƙin juyawa. Duk ilimin mariƙin kyamara ke nan.

Kuma manyan masu fim ba su fara da inji ba. Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Garrett Brown, shi ya ƙirƙiro Steadicam a tsakiyar shekarun 1970, ba tare da wani injin da ke daidaita kyamara ba: sanda ce, kyamara a sama, nauyi a ƙasa, mahaɗa mai juyawa a tsakiya, sai hannu mai sifirin da ke jone da rigar mai ɗauka. Da ita aka ɗauki gudun da jarumin fim ɗin Rocky na 1976 ya yi a kan matakalar gidan tarihi na birnin Filadelfiya, da ita aka bi yaron nan mai keke a lungunan otel a fim ɗin The Shining na 1980. Daga baya wani ɗalibi mai suna Johnny Chung Lee ya nuna wa duniya cewa da bututun ƙarfe na famfo da ƙarfen motsa jiki guda ɗaya za a iya haɗa ɗan ƙaramin irinta a kan dala 14, dubban masu koyon fim suka kwaikwaya. Shi kuwa fim ɗin Tangerine na 2015, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Sundance, da wayar iPhone 5s aka ɗauke shi, a kan ƙaramin mariƙi mai nauyi a ƙasa wanda ba ya cin batir. Daraktansa, Sean Baker, shi ne ya lashe kyautar Oscar a 2025 da wani fim ɗin nasa.

To, me muka haɗa ni da yaron? Mun sayi bututun ruwa na roba mai kauri, muka yanke kamar santimita 45. A sama muka ɗaura mazaunin waya da muka kwance daga wata tsohuwar sandar selfi. Irin waɗannan mazaunan kusan dukkansu suna da ramin noti a ƙasa, kuma girmansa ɗaya ne da na kyamarori, wato kwatan inci mai zare 20. Ka tafi da mazaunin wajen mai sayar da noti ka gwada da hannunka, domin akwai noti mai milimita 6 da ke kama da shi sosai, in ka matsa shi da ƙarfi sai ya cinye zaren. A ƙasan bututun muka sa mahaɗa mai baki uku, muka jona gajerun bututu biyu hagu da dama, muka cusa musu manyan notuna da wasoshi, muka toshe. Wurin riƙo kuma muka naɗe shi da robar tsohon tub ɗin keke. Ba mu yi awa biyu ba.

Inda aikin yake shi ne daidaitawa, kuma nan ne mafi yawan masu gwadawa suke karaya su ce abin ƙarya ne. Bayan ka ɗora wayar, kwantar da sandar a kan yatsanka ka nemo inda ba ta rinjaya ko'ina ba. Wurin riƙonka ya zama sama da nan kaɗan, wajen wayar, yadda ƙasan zai ɗan fi nauyi. Kaɗan fa na ce. Idan nauyin ƙasa ya yi yawa, da ka tashi tafiya ko ka tsaya sandar za ta riƙa lilo, sai bidiyon ya koma kamar an ɗauke shi a kwalekwale. Gwajin da masu Steadicam ke yi shi ne su kwantar da sandar su sake ta: in ta ɗauki daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ta miƙe, ta yi daidai, in ta faɗo nan take a rage nauyi. Riƙon kuma da yatsa biyu ko uku ne, sako-sako. Wanda ya damƙe ta kamar muciya ya mayar mata da duk rawar da yake gudu.

Wanda ya ga yana son ya wuce nan, sai ya nufi Panteka. Maƙeran kasuwar nan da ke ƙera injin niƙa da murhu da ƙofofi, sa wa mariƙi boris a wurin riƙo don sandar ta riƙa juyawa ba tare da bin hannu ba, ba aikin da zai gagare su ba ne. Ni abin da ke ba ni mamaki ma shi ne yadda muke jiran a kawo mana irin wannan daga Chana, alhali boris da bututu da mai walda duk suna nan tsakanin Rigasa da Tudun Wada. Ka je da zanenka da wayarka, ka tsaya a yi a gabanka, domin mai walda ya saba da ƙera abu mai ƙarfi, in ka bar shi sai ya yi maka wanda hannunka ba zai iya ɗauka ba.

Akwai ma wanda ya fi waɗannan araha ga mai ɗauka a tsaye, kamar wajen wa'azi ko jawabi: ɗaura igiya a notin da ke ƙasan mazaunin wayar, taka ɗaya bakin da ƙafa, ka ɗaga wayar har igiyar ta miƙe. Jan da take yi yana kashe rawar sama da ƙasa, kuma aljihu ne ma'ajiyarta.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu maganganun gaskiya ne. Mariƙin bututu ba zai yi duk abin da gimbal ke yi ba. Ba ya bin fuskar mutum da kansa. Idan iska ta taso, irin ta hunturu, tana kaɗa shi. Hannu yana gajiya bayan 'yan mintoci. Sannan gimbal yau ka saye shi gobe ka fita aiki, wannan kuwa sai ka yi kwanaki kana zagaye tsakar gida kafin hannunka ya faɗa. Amma wannan koyon da ake gani kamar aibi, shi ne ribar. Shi zai tilasta maka ka lanƙwasa gwiwa kaɗan, ka riƙa taka dunduniya kafin yatsu, ka matso da gwiwar hannu jikinka, ka daina juyawa kamar an kira ka daga baya. Gimbal ɗin waya mai injuna uku juyawa yake gyarawa, ba ya hana hoto hawa da sauka idan tafiyarka ta gardama ce. Shi ya sa za ka ga mutum riƙe da na'ura mai tsada amma bidiyonsa yana dukan ƙasa da kowane taku.

Wasu kuma za su ce ai wayoyin yanzu suna gyara rawar da kansu. Suna yi, amma iri biyu ne. Manyan wayoyi suna da gilashin kyamara mai motsi da ke rama girgiza. Yawancin masu sauƙin kuɗi da ke hannun matasanmu kuwa manhaja ce ke yin aikin: tana yanke gefunan hoton ta riƙa zamar da shi don ya zauna. Da rana tsaka abin yana kyau. Da daddare, ko a cikin ɗaki mai kwan fitila ɗaya, inda yawancin hidimominmu suke faruwa, kyamara tana daɗewa a buɗe kafin ta tara haske, kowace rawa sai ta bar dishi-dishi a jikin hoton, wanda babu manhajar da ke goge shi, ko CapCut ko Google Photos. Rawar da ka hana tun a hannu ita ce ba ka biyan kuɗinta da ingancin hoto.

Uzurin da ya fi ƙarfi ba na fasaha ba ne, kunya ce. Yaron da kansa ya faɗa mini: "Kawu, in na shiga gidan biki da bututun famfo ai dariya za a yi mini, kuma mai aiki zai ce ba zai biya kuɗin ƙwararre ba." Ban raina wannan magana ba, don na san mutanenmu da duba kayan aiki kafin su duba aikin. Abin da na ce masa shi ne ya fesa masa baƙin fenti, ya gyara bakunan da kyau, sannan ya riƙa tura wa mai aiki samfurin bidiyonsa kafin a yi ciniki. Dariyar gidan biki ta yini ɗaya ce, bidiyon kuwa shi za a riƙa turawa 'yan'uwa a Kano da Zariya har shekara ta zagayo.

Ga kuma lissafin aljihu. Gimbal sai da caji, a garin da wani lokaci wayar kanta sai an kai ta wajen mai caji. Idan injinsa ɗaya ya mutu, ko ƙura ta shige shi, samun mai gyara aiki ne. Na bututu in ya karye, ka yanko wani. Kuɗin da ka rage kuwa akwai inda ya fi buƙatarsa: makirfo ɗin maƙalawa a riga. Mutane suna haƙuri da hoton da ya ɗan motsa, amma ba sa tsayawa kan bidiyon da ƙarar janareto ta danne maganar mai magana.

Gargaɗi biyu, don kada a ce ni na jawo. Mazaunin waya na sandar selfi sifirin ɗinsa yana saki, saboda haka ƙara masa robar ɗauri, kuma gwajin farko a yi shi a kan katifa. Na biyu, kada ka ɗaure waya a jikin babur don ɗaukar hanya. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa jijjigar injin babur mai ƙarfi tana lalata sassan kyamara masu motsi. Ba sai na tuna wa kowa ba cewa waya a kan sanda a bakin titi da magariba gayyata ce ga masu ƙwace.

Abin da ya sa na damu da wannan ƙaramin al'amari shi ne, mutanen waje da yawa ba su san Rigasa da komai ba sai tashar jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016, su sauka su shiga mota su wuce. Sauran Rigasar, makarantunta na allo da na Islamiyya, teloli da kafintoci da filayen ƙwallonta, in ba 'ya'yanta ne suka ɗauke ta ba babu mai zuwa ya ɗauka. Bai kamata wannan ya tsaya jiran ranar da kowannensu zai tara kuɗin na'ura ba.

Yaron ya yi kwana huɗu yana bin ƙannensa da awakin gidan da sandarsa kafin ya yarda ya fita da ita. Aikinsa na farko tallan wani shagon ɗinki ne: ya shigo daga bakin ƙofa, ya bi layin kekuna, ya ƙare a kan rigar da ke rataye, duk a ɗauka ɗaya. Akwai inda hoton ya ɗan karkata da ya zo juyawa, na nuna masa, ya ce notin gefen hagu ne ya fi na dama nauyi, zai rage wasa ɗaya. Rancen dai har yanzu yana nema, amma yanzu na makirfo ne, kuma wannan na ce masa ya dawo ƙarshen wata.