Arahar Dalmar Liƙi

A yawancin ma'aikatu, idan za a sayi kayan aiki, akan nemi farashi daga 'yan kasuwa uku, sa'an nan a ɗauki mafi ƙanƙanta. Tsarin yana da kyau wajen sayen takarda da tawada. Amma a ganinmu bai dace da wayar dalma da ake liƙin rediyo, talabijin da wayar hannu da ita ba.

Wannan waya haɗi ce ta kuza da dalma. Mai nagarta ita ce wadda aka rubuta wa 60/40 ko 63/37, watau kuza ta fi yawa. Ta biyun takan narke a zafin digiri 183. Ga shi kuwa kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos, ta ninka dalma tsada fiye da sau goma a kasuwar duniya. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta karya farashi ita ce a rage kuza. Irin wannan waya takan yi wuyar narkewa, ɗalibi ya daɗe da ɗora ƙarfe a kan allo har ya ƙona abin da ya zo gyarawa. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma wadda babu dalma cikinta, wadda ta yawaita tun dokar Tarayyar Turai ta 2006. Tana bukatar wajen digiri 217, kuma ta fi tsada, don haka ba a gwama farashinta da na waccan.

Muna kira ga ma'aji da malaman makarantun sana'a su sa kowane ɗan kasuwa ya rubuta yawan kuza da nauyin wayar kanta, ban da ƙoshiyar da aka naɗe ta a kai. A kuma karɓi taƙi ɗaya, a ba mai gyara ya gwada kafin a sa hannu a takardar biya.