Jiragen Ƙasa a Legas: Ina Mai Tafiya a Ƙafa Zai Bi?

A watan Maris na 2023, jirgin ƙasa ya yi karo da motar bas ta ma'aikatan gwamnatin jihar Legas a mashigar PWD da ke Shogunle, inda aƙalla mutane shida suka rasa rayukansu. Irin wannan haɗari ne ake son kaucewa da gadojin sama da aka gina a Yaba, Ikeja, Oyingbo da Mushin, kafin layin Red Line ya fara ɗaukar fasinjoji a watan Oktoban 2024.

Sai dai gadojin, motoci aka fi yi wa su. A Agege, inda Hausawa da dama ke sana'a, kasuwa ta matso har bakin dogo, kuma mai ɗauke da kaya a ka ba kasafai yake zagayawa neman gadar ƙafa ba, tsallaka layin yake yi. Ga shi yanzu jiragen Red Line da na Legas zuwa Ibadan hanya guda suke bi.

Wani cikas kuma shi ne rabuwar iko. Dogon na hukumar NRC ta tarayya ne, Red Line na ƙarƙashin LAMATA ta jiha, lamarin da ke sa wuya a san wanda alhakin shinge da mashigar ƙafa ke wuyansa.