Sakin Talotalo Cikin Kaji: Araha Ce Ko Asara?

Tsadar masara da waken suya ta sa masu kiwo da dama suna sakin talotalo su yi kiwo tare da kaji, don rage kuɗin abinci kafin kasuwar Kirsimeti. Manomi, kafin ka bi sahu, sake lissafi.

Akwai ƙaramar tsutsar ciki, Heterakis, a hanjin kaji. Kaza takan jure, amma ƙwan tsutsar yana ɗauke da cutar da ke lalata hantar talotalo. Yana fita ta kashi, ya daɗe a ƙasa har shekaru. In ka ga kashi rawaya da fukafukai a sake, to cuta ta shiga, kuma tana iya share garke.

Maganin cutar ya yi wuya. Ko a Amurka an janye nitarsone, na rigakafinta, a ƙarshen 2015. Don haka tsutsar za ka yaƙa. Piperazine bai cika kashe ta ba, tambayi likitan dabbobi game da fenbendazole.

Raba su da kaji, kada ka zuba su inda kaji suka zauna, shimfiɗa ta kasance a bushe. Buhun abincin da ka tsimi ba zai biya maka garke ba.