Ƙananan Shafukan Intanet da Manya: Ina Ribar Take?

Masu buɗe shafukan intanet da Hausa sukan ɗauka cewa yawan maziyarta ne kaɗai ke kawo kuɗi. A ganina, wannan fahimta tana da rauni. Manyan kafofi irin su Aminiya da Legit Hausa suna samun kuɗi ta tallace-tallace, suna kuma da ma'aikatan da ke zuba labarai dare da rana. Mutum ɗaya ba zai iya ja da su a wannan fage ba. In ya gwada, yakan ɓuge da kwafar labaran wasu da kanun yaudara, abin da ke zubar da martabar harshe.

Ƙarfin ƙaramin shafi yana ga tsayawa kan fanni ɗaya, kamar noman rani, girke-girke ko ƙagaggun labarai. Marubutan littattafan soyayya sun riga sun nuna hanya: da yawansu suna sayar da littattafansu kai tsaye ta WhatsApp, mai karatu ya biya ta banki. Makaranta kaɗan masu biya sun fi tarin masu leƙe amfani.

Don haka, ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su horar da ɗalibai kan wannan sana'a, domin digirinsu ya ciyar da su.